Mai duba ya ce yana ganin abin da ke ɓoye

Tambaya: Malam, wani mai duba a unguwarmu a Tawa ya ce zai gano zoben zinaren da aka sace mini in na ba shi jaka ashirin. Ƙanwar mahaifiyata ta rantse aikinsa na ci. In biya? Daga Hajiya, Tawa.

Amsa: Hajiya, riƙe kuɗinki tukuna. Kifa kwanuka 10 a tsakar gida, wani yaro ya sa ɗan kunne ƙarƙashin ɗaya, sannan ya fita, don kada mai duban ya karanta fuskarsa. Ke ma kada ki san kwanon. Sai mai duban ya nuna kwanon da ɗan kunnen yake ƙarƙashinsa. A maimaita sau 20. Mai canki kawai zai dace kamar sau biyu. Wanda yake gani da gaske bai kamata ya kuskure ba. Ina zaton zai ce aljanunsa ba sa son gwaji.

James Randi, wani mai siddabaru a Amurka, ya sa kyautar dala miliyan ɗaya ga duk wanda ya ci irin wannan gwaji. Har aka rufe tayin a 2015 babu wanda ya karɓa.

Abin da ya fi damuna shi ne kada mai duban ya nuna ƴar aikinki a matsayin ɓarauniyar, a yi mata sharri.