Tambaya da Amsa: Mako Guda a Istanbul, Tsakanin Kasuwa da Tarihi

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni 'yar kasuwa ce, ina da shagon abayoyi da kayan yara a Tudun Wada, Zariya. Na daɗe ina ba da sautu ana sayo mini kaya daga Istanbul, bana kuma na ƙudura in je da kaina in yi mako guda. Mahaifina tsohon malamin tarihi ne, ya ce zai raka ni domin ya daɗe yana burin ganin garin, sai dai ya haura shekara saba'in kuma gwiwa tana damunsa. Yaya zan raba kwanakin nan har in yi cinikina, shi ma ya ga abin da ya je gani ba tare da ya wahala ba?

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya yi wa kasuwa albarka. Shawarata ita ce ki ba kasuwa kwana uku, ki bar wa Baba huɗu, kuma kada ki ɗauki kwanakinsa a matsayin ragowar lokaci. Yawancin mutanenmu da ke zuwa garin nan daga masauki sai shago, daga shago sai ofishin masu aika kaya, har su dawo ba su san cewa tafiyar 'yan mintoci ce tsakaninsu da gine-ginen da suka haura shekara dubu ba. Wannan asara ce, kuma tafiya da mutum irin Baba dama ce ta kauce mata.

Ki nemi masauki a tsohon gari, tsakanin Laleli da Sultan Ahmad. Laleli da Aksaray nan ne cibiyar masu sarin tufafi, kuma jirgin ƙasa na cikin gari mai lamba T1 yana bi ta nan ya wuce Babbar Kasuwa, ya tsaya a Sultan Ahmad, ya gangara Eminonu bakin ruwa. Ki sayi katin da ake kira Istanbulkart tun ranar farko, ki zuba masa kuɗi, domin da shi ake shiga jirgin ƙasa da bas da jirgin fito. Garin tudu ne da gangare, lungunansa da yawa shimfiɗar duwatsu ce, saboda haka Baba ya tafi da takalmi mai taushi da sandarsa, kuma kada a haɗa masa manyan wurare fiye da biyu a yini.

Ku fara da Aya Sofiya. Sarki Justiniyan na Rumawa ne ya gina ta a matsayin coci tsakanin shekarar 532 da 537, ta zama masallaci bayan Sultan Muhammad Alfatih ya ci garin ranar 29 ga Mayu, 1453, yana ɗan shekara 21, aka mayar da ita gidan tarihi a shekarun 1930, sannan aka sake buɗe ta don salla a 2020. Yanzu masu zuwa kallo suna biyan kuɗi su hau bene, ƙasa kuma ta masallata ce, don haka ku daidaita zuwanku da lokacin Azahar ko La'asar. Duk wanda ya tsaya a ƙarƙashin ƙubbarta ya ɗaga kai zai ga manyan allunan da aka rubuta sunan Allah da na Annabi (SAW) da na halifofi huɗu, a gefe kuma ga ragowar zanen Kiristocin da suka gina ta. Masallacin Sultan Ahmad yana fuskantarta, fili ne kawai a tsakani. An fara gininsa a 1609, yana da hasumiya shida, kuma an lulluɓe cikinsa da tangaran mai shuɗin zane sama da dubu ashirin. Waɗannan biyun sun ishi yini guda.

Fadar Topkapi yininta daban, kuma ba a buɗe ta ranar Talata. A nan sarakunan Daular Usmaniyya ta Turkawa suka zauna kusan shekara ɗari huɗu kafin su koma fadar Dolmabahce a 1856. Abin da zai fi taɓa zuciyar Baba shi ne ɗakin da ake ajiye kayayyakin da ake danganta wa Manzon Allah (SAW) da sahabbansa, waɗanda aka fara kawowa bayan Sultan Salim na Ɗaya ya ci Masar a 1517: takubba, da tsofaffin makullan Ka'aba, da akwatin da alkyabbar Annabi take ciki, ga kuma alaramma zaune yana karatun Alƙur'ani ba yankewa. Tunda malamin tarihi ne, ya san cewa Mai Idris Alauma na Borno ya aika jakadu zuwa ga Sultan Murad na Uku a shekarun 1570, saboda haka fadar da zai shiga fada ce da mutanen ƙasarmu suka taɓa kai gaisuwa. Ki lura da abu ɗaya da ke ɓatar da baƙi: akwai tashar jirgi mai suna Topkapi, amma ba ita ce ta fadar ba. Ta fadar ita ce Gulhane ko Sultan Ahmad. Waccan tana can bakin tsohuwar ganuwar da aka gina a ƙarni na biyar, wadda Alfatih ya yi wa ƙawanya kwana 53, kuma idan Baba yana da ƙarfi ita ma ta cancanci ziyarar rabin yini.

Idan kuma aka ce wuri ɗaya tak za a zaɓa, ni Eyub zan zaɓa. A nan kabarin Abu Ayyub Al'ansari yake, sahabin da ya sauki Manzon Allah (SAW) a gidansa lokacin hijira, wanda ya fito yaƙi da tsufansa a zamanin Mu'awiya, ya rasu a bakin ganuwar wannan gari. An gina masallaci a wurin bayan an ci garin, kuma a zamanin sarauta a nan ake rataya wa sababbin sarakuna takobi. Jirgin ƙasa mai lamba T5 yana tashi daga Eminonu ya bi gefen ruwa har can, kuma filin wurin shimfiɗaɗɗe ne, ba hawa. Za ku ga tsofaffi a inuwar manyan bishiyoyi da carbi, da yara maza sanye da farar alkyabba da hula mai gashin tsuntsu waɗanda aka kawo ziyara kafin a yi musu kaciya. Ku yi sallama, ku yi wa sahabin addu'a, ku ba na baya wuri, domin layin ba ya yankewa.

Sulaimaniyya, wadda ita ma babban masallaci ce, tana kan tudu, sai a ɗauki tasi. Mimar Sinan ne ya gina ta tsakanin 1550 da 1557 don Sultan Sulaiman, kuma matsayin Sinan a wurin Turkawa kamar matsayin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne a wurin Zagezagi: magini guda wanda gari ya san sunansa kamar yadda ya san sunan sarkin da ya sa shi aikin. Daga harabarta ana hango ruwa da gadoji da ɓangaren Asiya. Ranar ƙarshe kuwa ki bar ta ga ruwa. Ku shiga jirgin fito daga Eminonu zuwa Uskudar, tafiyar da ba ta wuce minti ashirin ba, ku tsallake mashigin Bosforus daga Turai zuwa Asiya a kan kuɗi kaɗan, Baba yana zaune da kofin shayi, tsohon gari da hasumiyoyinsa suna jere a gabansa. Babu wata ziyara da ta fi wannan sauƙi ga mai ciwon gwiwa.

Game da ciniki, Babbar Kasuwa mai rufi, wadda ke da shaguna kusan dubu huɗu kuma ba ta ci ranar Lahadi, ta kallo ce da sayen tsaraba, ba ta sari ba. Sari sai Laleli da Merter da Osmanbey. Ki zaga ki ji farashi yini guda kafin ki saya, ki duba kayan da idonki kafin a ɗaure, ki karɓi rasit mai nauyin kaya da sunanki a wurin masu aikawa.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne a Samaru, kuma zan halarci wani taron ilimi a Istanbul. Yaya Turkawa suke ɗaukar baƙar fata, kuma ta yaya zan zauna da su tunda ba na jin yarensu? Akwai bambanci a yadda suke salla?

AMSA: Ɗana, Allah ya ba da ilimi mai amfani. Turkawa mutane ne masu karrama baƙo, kuma hanyar karramawarsu ita ce shayi: baƙi, ba madara, a ɗan ƙaramin kofin gilashi mai siririn ƙugu, da sukari dunƙule a gefe. Mai shago zai miƙo maka ko da ba ka sayi komai ba, kuma karɓa ya fi ƙi. Za a kalle ka, musamman a unguwannin da baƙi ba su cika shiga ba, wani ma ya nemi ku ɗauki hoto, kuma akasari son sani ne ke kawo haka. Ba zan ɓoye maka ba, akwai marasa ladabi, kuma 'yan sanda kan tsayar da baƙi su nemi takardu, saboda haka fasfonka ya kasance a jikinka koyaushe.

Ba kowa ke jin Turanci ba da zarar ka fita daga wuraren masu yawon buɗe ido, kuma Larabci ba yarensu ba ne, ko da yake sallama tana buɗe ƙofa a ko'ina. Ka koyi 'yan kalmomi: "merhaba" gaisuwa ce, "teshekkur ederim" godiya ce, namiji da ya ɗan girme ka ka kira shi "abi", mace "abla", malami kuwa "hojam". Idan ka tambayi Baturke wani abu ka ga ya ɗaga haɓa sama ya yi ɗan sauti da harshe mai kama da tsaki, kada ranka ya ɓaci, "a'a" ko "babu" kawai yake nufi. Idan an gayyace ka gida ka cire takalmi a ƙofa, ka tafi da ɗan kayan zaƙi, ka miƙa hannu idan an zo yayyafa maka turaren lemon tsami da suke tarbar baƙi da shi. Ka kame bakinka daga siyasarsu, kuma ka sani cewa cin mutuncin Mustafa Kamal Ataturk, wanda ya kafa jamhuriyar a 1923, laifi ne a dokar ƙasar. Wanda kuma ya tare ka a titi da fara'a fiye da kima yana gayyatarka wani wurin shaƙatawa, ko mai goge takalmi da ya yar da burushinsa a gabanka don ka tsinta, ka ba shi haƙuri ka wuce, domin ƙarshen abin neman kuɗi ne.

Mafi yawansu Hanafiyya ne. Za ka ga bayan kiran salla kowa ya tashi ya yi nafila kafin a tayar da iƙama, ba a ƙunuti a Asuba, ana faɗin amin a ɓoye, liman yana sallama biyu, bayan an idar kuma ladan ne ke jan tasbihi da murya. Huɗubar Juma'a da Turkanci ake yin yawancinta. Ka bi liman ka yi sallarka yadda ka koya, ba wanda zai tanka maka. A ƙofar manyan masallatai akwai leda ta zuba takalmi, ka ɗauka ka shiga da naka ka ajiye a kanta.

TAMBAYA: Wane lokaci ya fi dacewa da tafiya, kuma me mutum zai ci? Daga wani magidanci a Sabon Gari.

AMSA: Alhaji, watannin Afrilu da Mayu, ko Satumba da Oktoba, su ne suka fi daɗi. Daga Disamba zuwa Fabrairu akwai sanyi mai haɗe da ruwan sama da iskar teku, wani lokaci har da dusar ƙanƙara, kuma rigar sanyin da muke sawa a nan ba za ta wadatar ba. Yuli da Agusta zafi ne da gumi da cunkoso, yini kuma yana da tsawo ƙwarai, har Isha'i takan kai ƙarfe goma na dare. Agogonsu yana gaba da namu da awa biyu.

Abinci ba zai ba ka wahala ba. Akwai shinkafa, da wake, da gasasshen nama, da miyar adas, da burodi a kowane teburi, da simit, wato zagayayyen burodi mai riɗi da ake sayarwa a amalanke, da kifi cikin burodi a bakin ruwan Eminonu. Ka nemi ƙananan gidajen abincin da ma'aikata ke ci, inda ake jera tukwane ka nuna abin da kake so, domin sun fi araha. Girkinsu ba ya da yaji sosai, sai ka tafi da naka. Wasu gidajen abinci suna sayar da giya, ka duba kafin ka zauna. Batun biza kuwa, ɗan Najeriya yana buƙatarta, kuma sharuɗɗan sukan sauya, don haka ka nemi bayani daga ofishin jakadancin Turkiyya da ke Abuja kafin ka biya kuɗin jirgi, kada kuma ka wuce ranar da aka rubuta maka ko da da kwana ɗaya ne, domin akwai tara, kuma ana iya hana ka sake shiga ƙasar.