Sabon shugaba da yardar ma'aikata

Malam, ka tambayi yadda ma'aikata za su yarda da kai yanzu da aka ba ka shugabancin sashe. Fara da ƙananan alkawura. In ka ce za ka sa hannu a takardar hutun wani ranar Litinin, to kada ta kai Talata.

Amma inda za su auna ka sosai shi ne ranar kuskure. Ma'aikaci ya zo da ƙafarsa ya ce ya tura wa abokin ciniki lissafin da ba daidai ba. Don Allah kada ka ci masa fuska a gaban mutane, domin gobe ɓoyewa zai yi. Ku zauna ku gyara, sannan ka kira abokin cinikin da kanka kafin shi ya gano.