Tazarar inji daga gindin jirgi: inci 6 ko 10?

Malam, tambayarka ita ce wane farantin ɗaga inji (ƙarfen da ake sa wa tsakanin bayan jirgi da inji, mai ja da injin baya, ana kuma ɗaga shi ko sauke shi da shi) za ka ɗaura wa jirgin kamun kifinka mai ƙafa 17 da kake shiga Tafkin Jabi na Abuja da shi, mai tazarar inci 6 ko mai 10. Ɗauki mai 6. Ruwa yana tasowa sama da zarar ya wuce gindin jirgi, don haka ja da inji baya yana ba farfela ruwa mai kyau, har ka samu damar ɗaga injin. Amma inci 10 a ƙaramin jirgi nauyi ne ya koma baya: goshin jirgi ya riƙa tashi yana faɗuwa, allon baya kuma ya sha wahala. Farantin da ake juya ƙusarsa da hannu ya ishe ka, na haidirolik kashe kuɗi ne a Jabi.

Sharaɗi ɗaya: fara da faifan da ke saman farfela daidai da ƙasan jirgi, ka riƙa ɗagawa rabin inci, kana gwadawa. Idonka na kan siririn ruwan sanyaya inji da injin ke tsartuwa. Na ga wanda ya ɗaga fiye da kima don neman gudu, ramukan da injin ke shan ruwan sanyaya kansa suka fito waje, injin ya yi zafi a tsakiyar tafki. Da tsartuwar ta rage ƙarfi, sauke injin.