Amsa ga ƙanina na Agege mai son zuwa Amurka da gudu

Salam ƙanina, na ga saƙonka. Ka ce kana yin sakan 10.5 a mita 100, kana neman skolaship a Amurka irin yadda 'yar tseren Najeriya Tobi Amusan ta samu ta tafi jami'a a El Paso, amma wata biyu kenan bayan cinyarka ta dama na maka ciwo, wai ko ka ɓoye wa kocin da kuke magana da shi. Kar ka soma wallahi, ni na yi haka kuma na ga abin da ya biyo baya.

Tukuna ma, 10.5 ɗin nan da agogon hannu aka ɗauka ko na na'ura? In na hannu ne ka ƙara 0.24 a kai, haka kocin nan zai lissafa.

To maganar cinya. Mu a gida muna ɗauka gudu saurin ɗaga ƙafa ne, alhali ƙarfin da ƙafa ke bugun ƙasa da shi ne, in ka kai ƙarshen saurinka ƙafarka ba ta cika kashi ɗaya cikin goma na sakan a ƙasa ba, kuma a ɗan wannan lokacin take ɗaukar nauyin jikinka ninki uku ko huɗu, manyan 'yan tsere har biyar. Kai mai kilo 70 ka lissafa, kamar buhun shinkafa biyar ne ake sauke wa ƙafa ɗaya, sannan a sake, a sake, Usain Bolt da ya yi 9.58 a Balin ta Jamus a 2009 taku 41 ya yi, kai naka sun fi haka yawa. Abin da zai ba ka mamaki shi ne tsokar bayan cinya ba lokacin da ka taka ƙasa ta fi yagewa ba, a'a, lokacin da ƙafar ta wulla gaba tana sama, ƙwauri na neman miƙewa, ita kuma tsokar tana ja masa birki alhali ita kanta ana miƙe ta, kamar ka ja roba ta kai ƙarshe sannan ka fizge ta. A nan ne take tsinkewa. Bolt ɗin ma haka ta yi masa a Landan a 2017, tserensa na ƙarshe, bai kai layi ba.

Ni da na zo Amurka ɗingishina kaɗan ne, man zafi nake shafawa in ɗaure da bandeji, ban gaya wa kowa ba. Ban san a nan tun Janairu ake fara gasa a cikin rufaffen fili mai zagayen mita 200 ba, kwanar filin ga ƙunci, waje kuma sanyi kamar me. Wata na biyu ina shan kwanar filin na ji kamar an jefe ni da dutse a baya, har na waiga in ga wanda ya yi. Shekarar nan gabaɗaya a benci na ƙare ta, ga kunyar ƙaryar da na yi.

Saboda haka ka bar gudun ƙure ƙarfi yanzu, ka je wajen likitan gashin ƙashi, ko a asibitin ƙashi na Igbobi ne, ba mai ɗori ba dan Allah, wannan ba targaɗe ba ne, murzawa da ƙarfi ƙara ɓata ta yake. In ya ba ka izini ka fara atisayen Nordic, ka durƙusa wani ya danne maka duga-dugai, ka riƙa faɗowa gaba a hankali, wannan ja birkin yake koya wa tsokar kuma bincike ya nuna yana rage irin wannan rauni da kusan rabi. Gudun kan kwalta da asuba ma ka rage, ƙwauri da agara ke biya, gara ka shiga mota ka je filin wasa na Surulere ko sau biyu a sati ne.

Shi kuma kocin ka rubuta masa gaskiya, sun saba, raunin da aka yi wa magani ba ya ba su tsoro. Ka kuma riƙe sakamakon WAEC ɗinka da kyau don NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, sai ta duba shi kafin a bar ka ka yi gasa. Ka turo min bidiyon gudunka, a ɗauka daga gefe ba daga gaba ba. Ka gaida Hajiya.