Yadda ake haɗa hotuna biyu ba a ga ɗinki ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗan shagon wankin hoto a Kawo, Kaduna. Wata baiwar Allah ta kawo hoton mahaifiyarta da ta rasu, tana so in sa shi cikin hoton walimar aurenta. Ba ni da kuɗin manhajar gyaran hoto ta Photoshop, sai na gwada wata irinta mai suna GIMP. Na goge bayan hoton, amma ya fito kamar an yanka da almakashi an manna. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifiyar, ya sa ta huta. Ɗan'uwa, GIMP ta ishe ka wannan aiki. Kyauta ce tun da ɗalibai biyu suka fara ta a jami'ar Berkeley ta Amurka a 1995, kuma zubinta na 3.0 ya fito a watan Maris na 2025.

Da farko ka ajiye magogi. Buɗe hoton walimar, sannan ka ɗora na mahaifiyar a kansa ta wurin da aka rubuta Open as Layers, ya zama falle na sama. Danna wannan falle da maɓallin dama na linzamin kwamfuta, ka zaɓi Add Layer Mask, mai farin launi. Ni mayafi nake kiransa: duk inda ka shafa baƙi a kansa hoton zai ɓuya, inda ka shafa fari ya dawo. Ɗauki burushi mai laushin baki, ka kusanto da hoton sosai, ka bi gefen gyale da ɗankwali a hankali. Hannu ya zarce? Danna harafin X, launi ya koma fari, ka maido. Laushin bakin burushin ne ke kashe alamar almakashi.

Amma abin da ya fi tona asirin haɗi shi ne haske, kuma a nan nake so ka daɗe. Hoton da aka ɗauka a tsakar gida lokacin hunturu, hazo ya rufe garin Kaduna, ba zai zauna lafiya da wanda aka ɗauka a ɗakin taro ƙarƙashin ƙwan lantarki ba. Tsohon hoto kuma yakan yi ja-ja ko rawaya-rawaya. Shiga sashen Colors, ka gyara ɗumin launi da hasken fallen sama har fatarta ta yi kusa da ta waɗanda ke gefenta. Dubi ta ina haske ke faɗowa a fuskokin. Wasu sukan juya hoton hagu zuwa dama don inuwa ta daidaita. Ni ban cika so ba in fuskar mamaci ce, domin in akwai tsaga ko tabo a kunci zai koma ɗaya ɓangaren, 'ya'yanta kuma za su gani nan take. Auna girman kanta da na sauran. In a tsaye take, yi mata 'yar inuwa a ƙarƙashin ƙafa a wani falle daban, ka rage kaurinta, in ba haka ba za ta zama kamar tana shawagi.

Da ni ne, zan ba amaryar wata shawara: a sa fuskar mahaifiyar a kusurwar sama, tana narkewa cikin hoton. Kan mayafin nan za ka ja kayan aikin Gradient daga baƙi zuwa fari, minti biyu an gama. Ya fi mutunci a idona, kuma jikokin da za su gani nan gaba ba za su ɗauka ta halarci bikin ba. Nuna mata duka biyun ta zaɓa.

Ka riƙa danna Ctrl da S saboda ɗaukewar wuta. GIMP za ta adana aikin a XCF, wato nata nau'in fayil, da fallayensa duka. Na bugawa ka fitar da shi a JPEG. In ta WhatsApp za ta turo maka hoton walimar, ta turo shi a matsayin fayil, don hanyar da aka saba tana matse hoto ta rage masa kyau.