Amsa: ziyarar lambun mazan jiya na Guangzhou

Alhaji, ka ce kana unguwar Xiaobei a birnin Guangzhou na ƙasar Sin kana jiran kaya, kana da yini guda ba aiki, kana tambayar ko lambun tunawa da 'yan juyin juya hali ya cancanci zuwa da kuma yadda ake shiga. Ya cancanta. Amma fara tantance wanda kake nufi, don biyu ne a garin, kuma nan baƙi ke ɓacewa. Huanghuagang na mutum 72 ne da aka kashe a 1911 wajen yaƙar sarauta. Wanda ake ce wa Lieshi Lingyuan, a titin Zhongshan, na boren 'yan gurguzu ne da aka fara ranar 11 ga Disamba 1927, aka murƙushe shi cikin kwana 3, aka kashe mutum sama da 5,000. A kan wannan zan yi magana.

Daga Xiaobei hau jirgin ƙasa layi na 5, tasha huɗu zuwa Yangji, ka sauya zuwa layi na 1 mai tafiya Xilang, tasha biyu ka sauka. Sunan lambun ne sunan tashar. Shiga kyauta ne. Riƙe fasfo a aljihu, musamman in za ka leƙa gidan tarihin da ke ciki, wanda ba ya buɗewa ranar Litinin.

Kana wuce ƙofa za ka hango hasumiya mai tsawon mita 45: hannu riƙe da bindiga ya ɓullo daga tsakanin manyan duwatsu uku. Kabarin waɗanda aka kashe a boren kuma wani tudu ne zagayayye, ciyawa a kansa, katanga kewaye da shi. A nan ne ake so ka nutsu. Rage murya, kar ka hau katangar, kar ka zauna a gindin hasumiya kana cin abinci, kuma don Allah ban da bidiyon barkwanci. Wannan ba maganar ladabi kaɗai ba ce: tun 2018 Sin na da dokar kare martabar waɗannan mutane, kuma daga 2021 cin zarafinsu na iya jawo ɗaurin da ya kai shekara 3. Hoto na mutunci ba laifi.

Za ka ga masu ziyara suna ajiye fure fari ko rawaya, su sunkuya sau uku. Ba wanda zai tilasta maka. Tsaya gefe shiru, ya wadatar.

Ɓangaren tafki kuwa wata duniya ce daban, tsofaffi na ta rawa da waƙa da motsa jiki. A tsakiyar ruwan akwai rumfar tunawa da Zhou Wenyong da Chen Tiejun, 'yan gurguzu biyu da suka shelanta aurensu a filin da aka harbe su a 1928. Ni a ganina nan ne ya fi taɓa zuciya.

Je da sassafe, don daga Mayu zuwa Satumba zafi da gumi sai su hana ka sakat. Kauce wa 4 ko 5 ga Afrilu, lokacin ziyarar kaburbura, da 30 ga Satumba, ranar tunawa da mazan jiya. Cunkoso ake yi. Awa ɗaya da rabi ta ishe ka.

In azahar ta riske ka, kar ka shimfiɗa darduma a lambun, masu gadi na iya tashinka. Koma layi na 1, tasha uku zuwa Ximenkou, ka taka zuwa masallacin Huaisheng da ke titin Guangta.