Kamfanin Indiya da ya riƙe min kuɗi yana gaban kotu biyu: wacce zan bi?

Tambaya: Na biya wani kamfani a Indiya kafin alƙalami kan injin casar shinkafa, har yau ba inji ba kuɗi. Daga baya na ji ashe akwai tsohuwar ƙarar neman rushe shi a Babbar Kotun Delhi, ga kuma wani banki ya kai shi kotun kamfanoni ta NCLT. Wacce shari'a ce ke gaba, kuma ina zan kai kokena? (Wani ɗan kasuwa, Kano)

Amsa: Alhaji, Allah ya fid da kai. A taƙaice, ka sa ido kan NCLT, amma ka fara bincika abu ɗaya: shin an riga an sayar da kadarorin kamfanin?

Tushen rikicin shi ne dokoki biyu ne suka haɗu. A da, a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 1956, mai bin bashi Babbar Kotu yake zuwa ya nemi a rushe kamfani a sayar da kayansa. A 2016 aka kawo dokar karyewar kamfanoni ta IBC, wadda manufarta a fara neman ceto kamfanin ta hannun NCLT, rushewa sai in ceton ya gagara. Ƙararrakin da ba a kai wa kamfani sammacinsu ba aka mayar da su NCLT, waɗanda aka kai suka tsaya a manyan kotuna. Tsohuwar ƙarar Delhi da ka ambata ta cikin waɗanda suka tsaya ce.

Kotun Ƙolin Indiya ta yi ta warware wannan kullin. A shari'ar Jaipur Metals ta 2018 da ta Forech ta 2019 ta ce ƙarar da banki ya shigar a NCLT ƙarƙashin sashe na 7 na IBC mai zaman kanta ce, tsohuwar ƙarar rushewa ba ta tare mata hanya, domin sashe na 238 ya ɗora IBC kan duk dokar da ta ci karo da ita. A shari'ar Navinchandra Steels ta 2021 ta ƙara da cewa ko Babbar Kotu ta karɓi ƙarar rushewar, ƙofar NCLT ba ta rufe ba. Iyakar da aka shata, kamar yadda shari'ar Action Ispat ta 2020 ta nuna, ita ce matakin da ba ya komawa baya. Jami'in kotu ya rufe masana'anta ya liƙa takarda a ƙofa, wannan ana iya warwarewa. Amma in an yi gwanjon fili da injuna, mai saye ya biya ya kwashe, to bakin alƙalami ya bushe, rushewar ce za ta ci gaba, kai kuma wurin jami'in Babbar Kotun za ka kai takardunka.

Da zarar NCLT ta karɓi ƙarar bankin, sashe na 14 ya dakatar da ƙararrakin da ake yi da kamfanin. Kada lauya ya ci kuɗinka da sunan shigar da sabuwa. Ana naɗa ƙwararren da zai riƙe kamfanin, shi kuma ya buga sanarwa a jaridu da shafin IBBI, hukumar da ke kula da karyewar kamfanoni a Indiya, da ranar rufe karɓar koke: kwana 14 daga naɗa shi. Ana karɓar na makara har kwana 90 daga ranar buɗe shari'ar a NCLT, ko har ranar da aka fitar da kiran neman tsarin ceto in ita ce ta fi nisa, amma kada ka dogara da wannan. Fom B, takardar koken masu bashin ciniki, za ka cike, ka haɗa da yarjejeniyar ciniki, takardar farashi, shaidar tura kuɗi daga bankinka da wasiƙun da kuka yi musaya. Zamanka baƙo ba ya hana ka komai, kuma Kotun Ƙolin ta tabbatar a 2022 cewa kafin alƙalami kan kaya bashin ciniki ne. Dalolinka za a lissafa su da rupi bisa canjin ranar buɗe shari'ar.

Inda 'yan kasuwarmu ke faɗuwa shi ne nan: mutum ya sa ido kan tsohuwar ƙarar Babbar Kotu, ko ya yi ta musayar saƙo da manajan kamfanin da tuni aka karɓe iko daga hannunsa, har a amince da tsarin ceto. Bisa hukuncin Kotun Ƙolin a shari'ar Ghanashyam Mishra na 2021, duk bashin da bai shiga tsarin ba ya mutu, sabon mai kamfanin ba ya ɗaukar sa.

Sai dai mu gaya maka gaskiya, shiga layi ba samun kuɗi ba ne. Bankuna ne ke zaune a kwamitin masu bin bashi, da kashi 66 cikin ɗari na ƙuri'unsu ake amincewa da tsari, mai bashin ciniki ba shi da ƙuri'a. Abin da doka ta lamunce maka shi ne kada kasonka ya gaza wanda za ka samu da rushe kamfanin aka yi ba, kuma a rabon rushewa kuɗin gudanar da shari'a, ma'aikata da bankuna masu jingina duk suna gabanka. Don haka ka auna kuɗin lauyan Delhi da girman bashin tukuna. Fom ɗin kansa ana iya tura shi ta imel ga mai riƙon kamfanin, adireshinsa na cikin sanarwar.